Kowa da Ƙofarsa

Litinin, da hantsi

Dillali ya ce mai gidan haya na ƙwarai sai da littafi. Wai in riƙa rubuta komai, wa ya shigo, wa ya fita, ko ƙusa aka saya in rubuta. To ga littafi na saya, ga biro, na zauna. Abin rubutawar ne babu.

Kujerar Kwastan tana nan gefen famfo, ban ɗauke ba. Kwastan matata ce. 'Yan haya ne suka laƙa mata sunan, don ba mai wuce tsakar gidan nan da leda a hannu ba ta tsare shi ta ji abin da ke ciki ba. Tana gidan 'yarmu Auta tun ranar nan da ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Auta ta ce can ya fi kusa da asibiti, kuma da gaskiyarta.

Gidan nan ƙofa ɗaya gare shi, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Ɗakunanmu ne a bakin ƙofa, famfon yana gabanmu. Daga ciki akwai Tela, sai Nas, sai Maman 'yan biyu da mijinta a ƙarshe. Mai fita ta gabanmu zai bi, mai ɗiban ruwa a gabanmu zai tsaya. Ni ina hanya da babbar mota ina turo abin da ya samu, ita tana nan tana ƙara ɗaki bisa ɗaki, haka gidan ya tashi. Dillali ya ce wannan tsarin shi ne ciwon gidan.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Babba ya zo da Dillalin nasa. Ɗana ne, amma in yana tare da mutumin nan sai ya koma kamar ƙadangare, ba abin da yake yi sai gyaɗa kai.

Dillali ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, sannan ya ce, “Baba, zamanin gidan taro ya wuce. Ɗan hayan yanzu ba ɗaki yake nema ba, sirri yake nema. A fasa wa kowa ƙofa ta bayan gida, ta lungu. A ba kowa famfonsa, mitarsa, banɗakinsa, a ja katanga a tsakani. Gida ɗaya ya zama huɗu, kuma kowanne ya fi na yanzu daraja.”

Na ce, “To gaisuwa fa?”

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. “Baba, gaisuwar ce ke cinye masu gida. Wanda ka saba da shi ba ka iya ƙara masa haya, ba ka iya ce masa tashi. Zumunci daban, haya daban.”

Babba ya ce, “Baba, jinya tana da ci. Ka gane ai.”

Na ce to bari in ji ta bakin uwarku.

Babba ya zuba wa takalminsa ido. Shi kuwa Dillali sai ya tuna yana da waya a aljihu.

Alhamis, da safe

Na ce musu to.

Asabar, bayan azahar

Na je gidan Auta. Sun sa mata gado kusa da taga. Ta yi fes, Auta ba ta wasa da tsabta. Hannun daman yana kan matashi inda aka ajiye shi.

Na zauna na ba ta labarin gida. Na ce Tela ya ƙone wa wani riga da dutsen guga, na ce 'yan biyu sun fara haƙori, na ce famfon ya soma ɗiga kuma. Daga nan na kawo maganar katangar. Na faɗa mata dalla-dalla yadda Dillali ya tsara, na ce in ba ki so ki nuna mini, wallahi a fasa. Ta dube ni, ta dubi taga.

Auta ta shigo da ruwa ta ce, “Baba, ka daina tambayarta abubuwa, gajiyar da ita kake.”

Matar da in ta fara magana sai ka nemi hanyar gudu. Ikon Allah.

Talata, da hantsi

Bulo ya iso, yashi ya iso, an tare rabin tsakar gida. Birkila mutum ne mai ƙarancin magana, na ji daɗin wannan. Ya ce a matsar da kujerar nan kar siminti ya ɓata ta. Na ce ya yi aikinsa ya bar kujera.

Na tara 'yan haya na gaya musu. Na yi shirin rarrashi, har na tanadi abin da zan ce wa Maman 'yan biyu in ta fara hawaye. Suka dubi juna, Tela ya ce, “To Baba, ai yadda ka ce.” Nas ta ce Allah ya sa alheri. Kowa ya koma ɗakinsa.

Kunya ce ta hana su magana. Na san abin ya dame su.

Juma'a, da yamma

An fasa ƙofofin baya. Ƙura har cikin shayina.

In faɗi gaskiya, ba duk maganar Dillali ce iska ba. Ya ce kar in sayi gwangwanin fenti ko ɗaya sai an gyara kwanon da ke yoyo, don fenti a ƙarƙashin yoyo asara ce. Da Birkila ya hau, ashe katakon ɗakin Nas ya ruɓe, saura kaɗan. Ya ce a fara da magudanar ruwa kafin katanga, in ba haka ba ruwan wankin wannan zai kwana a ƙofar wancan, rigima ta tashi. Ya ce a raba mita, a huta da wa ya kunna dutsen guga wa ya kunna abin dafa ruwa. Duk wannan na yarda. Na rubuta, ga shi.

Abin da ban so ba, ya kira gidan nan kadara. Yana ta maimaitawa, kadara, kadara. A ɗakin can aka haifi Auta.

Litinin, da safe

Katangar farko ta tashi. Maman 'yan biyu ta koma bin lungu. Da ita ce ke fara buɗe famfo, ƙarar bokitinta ce ke tashina, in yi ta tsine mata a raina. Yau na yi barci har rana ta shigo ɗaki.

Na huta.

Talata, da safe

Na huta ƙwarai.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Na dafa shinkafa ta kama. Da can in irin wannan ya faru, kafin hayaƙi ya kai ƙofa wata ta leƙo da kwano a rufe, tana cewa ita ma yawa ta yi. Na kankare na ci abina. Ba daɗi, amma ba wanda ya gani.

Lahadi, da la'asar

Auta ta bugo waya tana magana da sauri, har na tsorata na miƙe tsaye. Ashe alheri ne.

Nas ta biya ta duba Kwastan a hanyarta ta dawowa daga aiki, da leda a hannu. Tana yin sallama, wai sai Kwastan ta juyo, ta ɗaga hannun hagu ta nuna ledar. Auta ta ce, “Baba, wallahi har sauti ta yi. Nas ta buɗe mata, ta ce, Mama, burodi ne da man shafawa, ba kayan fasa-ƙwauri ba ne. Sai ga bakin Mama ya motsa, gefe ɗaya, amma dariya ce, na rantse dariya ce.”

Sun gaya wa likita. Ya ce abin da ta fi bukata ke nan yanzu, muryoyin da ta saba da su, shige da ficen da ta saba gani. Ya ce gadon kusa da taga ba zai ƙara mata komai ba, a mayar da ita gidanta, a zaunar da ita inda ta saba zama. Ƙarshen wata za su kawo ta.

Na ce alhamdu lillahi, na ajiye waya. Na fito na tsaya gefen kujerar, na duba abin da mai zama a kanta zai gani. Bulo. Sai wata 'yar kafa da ta rage tsakaninmu da ɓangaren Tela da Nas, faɗin mutum ɗaya, wadda Birkila ke bi da baronsa. Ita kaɗai ta rage.

Litinin, da hantsi

Na ce wa Birkila kafar nan kar ya toshe ta. Ya ce shi ɗan aike ne, in gaya wa masu tsari.

Kafin azahar sai ga Dillali. “Baba, ƙofa a tsakani ita ce ke ɓata aikin duka. Duk wanda ya zo duba ɗaki ya ga mai gida na iya faɗo masa kowane lokaci, juyawa zai yi. Kamar ka ɗinka riga ne ka bar hammata a buɗe.”

Na ce, “Kai ka gina gidan?”

Ya ce, “A'a, Baba.”

Na ce, “To ja bakinka.”

Ya kira Babba, Babba ya kira ni. Na ɗaga masa murya yadda ban taɓa yi ba tun yana yaro. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Baba, ni ma uwata ce. Amma mutanen nan sun yarda da sabuwar haya ne a kan za a rufe. Ka tambaye su. In sun ce a bari, a bari.”

Na ce zan tambaye su, kuma zai sha mamaki.

Talata, da yamma

Sai da na fita titi, na zagaya kwana, na shiga lungu, sannan na ƙwanƙwasa ƙofa a gidana na kaina. Ina tsaye ina jira a buɗe mini kamar mai karanta mita.

Maman 'yan biyu na fara samu, ko da yake nata ɓangaren an riga an rufe. Ta shimfiɗa wa yara tabarma a ɗan filinta, tana wanki da zane ɗaya, tana waƙa. Da ta gan ni ta ruga ta yafo mayafi. Ta ce, “Baba, Allah ya saka da alheri. Wallahi ji nake kamar sabon aure na yi.” Ban ma kawo maganar ba.

Nas ta fito da idon barci. Na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta shiga murza bakin ƙofa da yatsa. Ta ce, “Baba, ka san yadda nake son Mama. Amma aikin dare nake yi. Tun da na zo gidan nan ban taɓa barcin rana na kirki ba sai makon nan. Zan riƙa zagayowa kullum in duba ta, na yi alkawari.”

Na ce ba komai, 'yata.

Tela na bari a ƙarshe, don shi ya fi kowa daɗewa, shi na fi sa rai a kansa. Ya tsayar da keke, ya share mini benci da tsumma. Ya ji ni har ƙarshe. Ya ce, “Baba, in ka ce a bari, ni ban isa in ce a'a ba. Sai dai tun da aka fasa mini ƙofar lungu masu kawo ɗinki suka ƙaru. Da wasu ba sa son shigowa, saboda...” Ya tsaya.

Na ce, “Saboda binciken kaya.”

Ya yi dariya, ya fasa, ya sunkuyar da kai.

Ashe ba kunya ce ta hana su magana ran nan ba. Murna suke ɓoyewa.

Laraba, da sassafe

Ba wanda ya yi mini laifi. Na juya abin ta ko'ina ina neman wanda zan ji haushinsa, ban samu ba. Haushin ya rasa inda zai sauka, ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Na ce wa Birkila ya rufe.

Alhamis, da azahar

Ya rufe. Bai ɗauki lokaci ba.

Asabar, da yamma

Dillali ya ɗauke ni a motarsa zuwa taron masu gidajen haya. Ɗakin taro ne mai fanka, kujerun roba irin ta Kwastan, kowa da ruwan gora a gabansa. Ya nuna musu hotunan gidan, da da yanzu. Ya ce ga dattijon da ya ji shawara, ya tashi ya faɗa da bakinsa.

Na tashi. Na ce a gyara rufi kafin fenti. Na ce a fara da magudana. Na ce a raba mita. Wani mai ƙaton ciki ya tambaya ko 'yan hayan sun yi gardama, na ce ko ɗaya, murna ma suka yi. Aka tafa mini.

Wani ya ce, “To kai Baba, yaya ka ji gidan yanzu?”

Na ce shiru, ba hayaniya.

Ya ce, “Ka more.” Aka sake tafawa.

Litinin, da hantsi

An yi wa katanga shafe, an yi fenti. Dillali ya zaɓi kalar, wai tana ƙara wa wuri faɗi. Na wanke kujerar da omo. Na gyara famfon, ya daina ɗiga, sai kuma na ji shirun ya yi yawa.

Gobe ne.

Talata, da yamma

Sun kawo ta a kujera mai taya. Babba ya tura ta ta shigo, ya tsaya. Ta dubi famfo. Ta dubi kujerarta. Sannan ta ɗaga kai ta bi katangar da ido tun daga wannan kusurwa har waccan, a hankali, ba ta tsallake ko'ina ba. Da ta gama sai ta dube ni.

Na ce, “Na gaya miki fa. Ran nan, a gidan Auta.”

Ba ta ɗauke ido ba. Ni na ɗauke.

'Yan haya duk sun zagayo, ba wanda ya ƙi zuwa. Sun yi wanka, sun sa kaya masu kyau, suka jeru kan tabarma kamar baƙi daga wani gari. Sannu Mama, ya jiki Mama, Allah ya ƙara sauƙi Mama. Ita kuwa hannayensu take kallo. Ba mai ɗauke da komai. Ba bokiti, ba leda, ba tsintsiya. Suka ɗan zauna, suka yi addu'a, suka tafi.

Alhamis, da safe

Ni da Auta muka ɗaga ta muka sa ta a kujerarta ta gefen famfo. Auta ta tafi aiki. Nas ta zo, ta gwada mata jini, ta tafi.

Juma'a, da safe

Nas ta zo. Tela ya aiko da gaisuwa.

Asabar, da safe

Tela ya zo, a tsaye.

Lahadi

Ba kowa.

Litinin, da la'asar

Ba su manta da ita ba, kar in zalunce su. Da can ba zuwa suke ba, wucewa suke, ita kuma tana tsare su. Wucewa ba ta bukatar niyya. Zuwa kuwa sai mutum ya ajiye aikinsa, ya sa takalmi, ya zagaya titi, ya nemo abin da zai ce. Wannan ban ga Dillali ya sa shi a tsarinsa ba, ni ma ban hango ba.

Tana jin su fa. In Maman 'yan biyu ta buɗe famfonta a bayan katanga, sai Kwastan ta juya kai. In aka yi sallama a ƙofar Tela, sai hannun hagun ya taso daga cinyarta, ya tsaya a iska, ya jira, ya koma. Yau na ƙirga har na daina ƙirgawa. Sautin nan da Auta ta ce ta yi, ni ban ji shi ba ko sau ɗaya.

Kaɗaici nake ji, ga ta kuma a gabana. Ita ma na san shi take ji, ga ni a gabanta. Shekarun da na yi a hanya ne, ban iya hirar tsakar gida ba. In na zauna a ɗaki ina leƙenta ta labule, sai in rasa ta inda ake farawa.

Laraba, da hantsi

Sabulu ya ƙare, na fita kanti. Da na dawo na yi sallama kamar kullum, sai ga hannun ya taso. Na waiga in ga wa ke bayana. Ba kowa. Ledar hannuna take nunawa.

Na ƙarasa, na durƙusa, na buɗe mata. Na ce, “Sabulu ne, ranki ya daɗe, sai ashana. A yi haƙuri a bar mu mu wuce, talakawa ne.”

Ta leƙa ciki sosai. Ta sa yatsa ta juya sabulun. Bakin ya motsa, gefe ɗaya.

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na daɗe ban fito ba.

Alhamis, da yamma

Na fita na shigo, na fita na shigo. Na sa albasa a leda, na sa tsohon takalmi, na sa makullin mota da ba motar. In fita in tsaya a bakin titi in ɗan jima, in dawo da sallama. Na gwada irin sallamar Tela mai ja kamar kiran kasuwa, na gwada ta Nas mai sauri. Mai kanti ya tambaye ni ko lafiya. Na ce motsa jiki nake, likita ya ce.

Kowane zuwa tana dubawa. In ta gama da ledar kuma sai ta leƙa bayana, ko akwai mai shigowa.

Asabar, da la'asar

Gwiwata ta kumbura. Duk da haka na fita, da sabulun nan dai na ran Laraba, ledar kawai nake canzawa. Ta sani. Matar da ke gane kayan mutum tun daga bakin ƙofa, ni zan ruɗa da sabulu ɗaya?

Da na shigo na ƙarshe ina ɗingishi, na yi sallama, hannun ya taso. Na miƙa ledar. Ba ta kalle ta ba. Ta nuna bokitin da ke kife gefenta, ta buga bayansa da tafin hannu.

Na ajiye ledar, na zauna a kai. Ban taɓa zama a gefen famfon nan ba tun da aka kafa shi. Daga nan ba abin da ake gani sai fenti. Ta ɗora hannunta a gwiwar da ta kumbura, ta bar shi a nan.

Can a bayan katanga wani ya yi sallama, Tela ya amsa yana dariya. Mu biyun muka juya kai tare.